Motar da Ke Haɗiye Mawaƙiya

A unguwar Ngamiani ta birnin Tanga, idan ka ce kana neman Mwantumu, sai a tsaya ana tambayarka wacce daga ciki. Amma ka ce Bi Halo, wato Malama Halo, ko mai tura baron kwakwa zai ɗaga haɓa ya nuna maka rumfarta bai ko tsaya ba. Tana nan maƙale tsakanin shagon tela da bencin mai gahawa, rumfar da tabarma ɗaya ta ishe ta, igiyoyin waya baƙaƙe da farare sun sauko daga rufinta kamar saiwoyin cediya. Mai rumfar tana tsakiyarsu a kan kujerar roba, gajeriya mai jiki, tabarau a ƙarshen hanci, tsinken sakace a soke a gefen ɗankwali. Tsinken nan ba na haƙori ba ne, kayan aiki ne.

Sunan ya manne mata ne tun tana budurwa, lokacin da ta sami aiki a ɗakin waya na wata babbar gonar katani, tsiron da ake tufka igiya da shi, a hanyar Muheza. Allo ne a gabanta mai ramuka jere-jere, ga igiyoyi masu kan tagulla. Fitila ta kama, ta ce, "Halo, wa ake nema?" ta zaro igiya ta soka a ramin da ya dace, manaja ya sami ma'aji, ma'aji ya sami matarsa. An gargaɗe ta kada ta saurari hirar mutane, kuma har gobe tana rantsuwa ba ta taɓa saurara ba, sai fa idan layi yana ƙara, wanda dole ta tsaya ta ji ko ya gyaru. Layukan gonar nan kuwa ba ranar da ba sa ƙara.

Gona ta durƙushe, 'yan gwangwan suka kwashe allon. Ta dawo cikin Tanga ta yi tallar kaset, kaset ya mutu ta koma faifai, faifai ma ya bi sahu. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce duk sana'ar da ta taɓa sai ta yi mata jana'iza. Ita kuwa a ganinta ba ta taɓa sauya sana'a ba: ga mai magana can, ga mai saurare nan, ga igiya a tsakani, ga ta zaune kusa da igiyar. Da waya ta shiga aljihun kowa, direbobi suka fara son jin abin da ke cikinta ta rediyon mota, sai ta ga ai allonta ne ya dawo, an dai raba wa kowace mota rami ɗaya.

Kukan direbobi da ita ɗaya ne, tambaya. Ka zo ka ce igiya kake so, ba za ta miƙo ba sai ta ji yaushe tsohuwar ta daina aiki, wa ya taɓa ta, a wane aljihu kake sa waya. Sai ta zare tsinke ta sakato abin da ke cikin ramin wayar, ta ɗora a tafin hannu tana nazari. In rairayi ne ta ce, "Ka je Pangani ba ka kawo mini kifi ba." In garin taba ne ta ce, "Ka koma sha ke nan, sai na gaya wa uwar 'ya'yanka." Da yawa daga masu zuwa sayen sabuwar igiya da tsohuwarsu suke komawa, tana aiki lafiya lau. Tela ya sha gaya mata wannan ba ciniki ba ne. Ta ce ta sani, amma abinci ba zai shigar mata ba in ba ta ga abin da ya toshe ramin ba.

Wata Laraba da hantsi, farar motar Kombo ta tsaya a gaban rumfar. Kombo direban amare ne. Daga Chumbageni har Makorora ba lungun da bai kai 'yar wani gidan miji ba. Shi kuwa 'yarsa ɗaya tilo, Mboni, kuma tun tana ƙarama tana kallonsa yana ɗaura furanni a gaban mota yake ce mata, "Ranar taki, ni zan tuƙa." Ranar ta zo, Asabar ɗin nan mai zuwa.

"Direban amare! Yau ba ado? Ina furannin?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin benci, aka miƙo masa gahawa ya girgiza kai, abin da bai taɓa yi ba.

"Bi Halo, an hana ni ɗaukar 'yata."

"Wa ya isa?"

"Yaya Saumu."

"Af. To ta isa."

Saumu yayar Kombo ce, gwaggon amarya, kuma a bikin 'yar ƙani ba a tsallake maganar gwaggo. Bi Halo ta san ta tun suna zama tabarma ɗaya a makarantar Islamiyya, ta kuma san idan Saumu ta ce a'a, ko liman sai ya sake shiri.

"Me ka yi mata?"

"Ba ni ba ne, motar ce. Ta fara haɗiye mawaƙa."

Bi Halo ta gyara zaman tabarau. "Sake faɗa, sannu a hankali."

Ya ce idan ya haɗa waya da rediyo ya sa waƙa, kiɗa yana fitowa, amma mai waƙar sai a ji ta can nesa kamar wadda ta faɗa rijiya. Ranar da ya kai matan gida sayayyar biki, Saumu ta sa saƙon murya da uwar ango ta turo don kowa ya ji, waya tana nuna ana magana, mota ta yi tsit. Wata ta ce a sa karatu a kori ko mene ne. Aka sa, sai amsa-kuwwa kawai ta fito, ba muryar mai karatun. Mata suka ce ya tsaya, suka sauka a tsakiyar hanya suka hau bajaj, babur mai ƙafa uku.

"Yaya ta ce matar nan ta Japan ce ke cinye muryoyi."

Kowa ya san matar. Motocin da ake saukewa daga can duk da ita suke zuwa: kana murɗa makulli ta yi 'yar maganarta da harshensu ta yi shiru. Ba wanda ya san me take cewa. Wasu direbobin ma amsa mata suke yi da "lafiya lau".

"Ka sauya igiya?"

"Har sau uku."

"A wajen wa?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yan bakin tasha."

"Ka kyauta. Ba ni makulli."

Ta shiga ta zauna a gaba, ta murɗa, matar Japan ta yi maganarta. Ta karɓi wayar Kombo ta ga cajin ya yi ja, saura ƙiris ta mutu. Ta yi tsaki, ta miƙa hannu ta ciro cajar gwaji daga rumfa, ta soka a ramin kunna taba, ta haɗa wayar. Sannan ta sa igiyar rediyo ta danna waƙa.

Mawaƙiya ta ɓarke da murya tangaran, har tela ya ɗago kai daga kekensa.

"Wannan ce ta faɗa rijiya?" in ji mai gahawa. "To ta iya iyo."

Kombo ya dafa ƙirji. "Wallahi tallahi jiya ba haka take ba. Na rantse da kabarin uwata."

"Bar uwarka ta huta," in ji Bi Halo. Ba dariya take yi ba, kunne ta kasa. A ƙarƙashin waƙar akwai wani siririn kuka kamar na sauro. Ta ce ya taka totur, sauron ya ƙara murya. Ya saki, sauron ya sauko.

"Wannan fa?"

"Ya daɗe. Har na daina jinsa."

Ta sa saƙon uwar ango, tsohuwa ta fito rangaɗau tana lissafa mutanen da za su zo. Ba abin gyara. Ta zare cajarta, ta miƙa masa waya, ta ce ya je ya gwada wa Saumu. Ya tafi da guntun murna, ita kuwa ta wuni da sauron nan a kunne. Ta san Kombo ba maƙaryaci ba ne, mata cike da mota kuma ba za su sauka su biya bajaj don wasa ba. Abin da ba ta so a duniya shi ne cuta ta ga likita ta ɓuya. A ɗakin wayar gona ma akwai wani layi da ba ya lalacewa sai mai gyara ya juya baya, kuma ba ta yafe masa ba har yau.

Washegari da safe motar ta dawo, wannan karon da Saumu a kujerar gaba, ta cika ta fam, zanen kanga ja da baƙi, mafici a hannu.

"Mwantumu! Ke ce kika ce wa yaron nan motarsa lafiya take?"

Yaron da ake nufi furfura ta fara cin gemunsa.

"Ina kwana dai, Saumu. Ko gaisuwa ma motar ta haɗiye?"

"Gaisuwa tana nan tafe. Kombo, sa mata."

Kombo ya cika wayarsa da caji tun a gida. Ya soka igiya ya danna waƙar jiya. Goge ya fito, molo ya fito, 'yan amshi suka fito ta gefe, amma inda mawaƙiya ya kamata ta shigo sai wata inuwar murya can ƙasa, tana yawo kamar a cikin tulu. Mai gahawa ya ajiye butarsa ya ce a'uzu billahi.

Fuskar Bi Halo kuwa ta washe kamar an yi mata albishir.

"Kai! Ashe da gaske ne. Matsa mini, Saumu."

"Dubi wannan, murna ma take yi."

Ta kawo igiyarta mai kyau ta sa, mawaƙiya tana rijiya. Ta sa tata wayar, rijiya. Ta ari wayar tela, irin sababbin nan da ba su da ramin abin kunne sai an sa musu 'yar wutsiyar adafta, nan ma rijiya. Ta sakace ramin wayar Kombo, ba ta samu komai ba sai ɓawon gyaɗa. Ta juya kan igiya a hankali, ta ɗan zaro shi, ta mayar. Ba wayar ba ce, ba igiyar ba ce. To amma jiya fa?

"Me ya bambanta jiya da yau?" Da kanta take magana, amma Saumu ta amsa.

"Jiya ba dangin amarya a motar. Abin nan ya san wa yake nema. Tambayi Kombo ranar da ya fara."

"Yaushe ya fara, Kombo?"

"Ranar da aka sa Mboni a ɗaki."

"Kin ji ko?" Saumu ta buga mafici a cinya. "Ranar da aka killace yarinya don gyaran amarci, ranar mota ta fara cin murya. Ni zan sa 'yar ƙanina a ciki ranar da za ta gidan miji? Ta isa can ba bakin magana? A taka ta ba ta iya cewa wayyo? Mu matan gidanmu da bakinmu aka san mu. Motar dangin ango za ta shiga, magana ta ƙare."

Bi Halo ba ta yi musu ba. Ta san abin da ya sa maganar ta yi wa Saumu zafi: ita ta riƙe Mboni tun rasuwar uwarta, kuma Mboni yarinya ce mai sanyin magana, wadda sai an matsa kusa ake jin ta. Amma ranar nan ta tsaya mata a rai.

"Kombo, ranar da aka sa ta a ɗaki, me ka cire daga motar nan?"

"Ba komai."

"Me aka cire?"

"Ba ko... to, sai dai igiyar caja. Mboni ta aiko a ba ta, wai tata ta lalace, ga ƙawaye suna ta kira. Tun ranar a gida nake caji."

"Da can kullum waya tana caji kake sa waƙa?"

"Kullum. Batirina ba ya riƙewa."

Bi Halo ta sauka, ta ciro cajar gwajin jiya. Waƙa tana tafiya, ta soka. Mawaƙiya ta yi tsalle ta fito daga rijiya, da sauronta a baya. Ta zare, ta koma. Ta soka, ta fito. Ta zare. Ta yi ta yi, tana dariya ita kaɗai kamar yarinya ta sami abin wasa, har tela ya ce ta bar baiwar Allah ta huta a wuri ɗaya.

Saumu ta ja jikinta ta manne da ƙofa. "Mwantumu, dama tun muna yara na san ba ki da gaskiya."

"Riƙe mini wannan," in ji Bi Halo, ta ɗora mata sukudireba a cinya.

Rediyon motocin nan raminsa a baya yake, don haka wani mai gyara tun da daɗewa ya jawo 'yar igiya daga bayan ya kafa wa Kombo rami kusa da giya. Bi Halo ta kwance murfin ta juyo da shi. Jijiyoyi uku ne ke shiga ramin. Biyu suna nan daram. Ta ukun ta yi kore shar da tsatsa, ta rabu da ƙafarta, tana lilo.

"Ga matar Japan ɗinki," ta ce.

"Wa ya tsinke ta?"

"Teku. Iskar gishirin nan da ke cin kwanon rufinki."

Ta tsaya tana kallon jijiyar, tana haɗa abin a ranta, domin gano inda ya tsinke bai ishe ta ba, sai ta san me ya sa mawaƙiya kaɗai ke nutsewa. A allon gona ta koyi abu ɗaya: duk maganar da ta tafi sai ta sami hanyar komawa gida, in ba haka ba layi ya mutu. Ta ɗaga jijiyoyin da tsinke.

"Wannan ta lasifikar dama ce, wannan ta hagu. Wannan da ta tsinke ita ce hanyar komawarsu su biyu. Da ta yanke, sai dama ta koma bi ta cikin hagu, hagu ta cikin dama. Kin san in mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suka ja igiya, ɗaya nan ɗaya can, ba ta motsi. To mawaƙiya a tsakiya ake tsayar da ita, rabonta a dama daidai da rabonta a hagu, sai ta ja kanta da kanta ta tsaya cik. Makaɗa kuwa a gefe suke, wani ya fi ƙarfi nan, wani can, shi ya sa suka tsira. Uwar ango ita kaɗai ce a saƙonta, ba makaɗi ko ɗaya, shi ya sa ta ɓace ɗungurungum."

"Cajar fa?" in ji Kombo.

"Ɓarauniyar hanya ce. Ta cikinta murya ke zagayawa ta jikin mota ta koma gida, ta kwaso kukan inji a hanya, shi ne sauronka. Jijiyar nan ta daɗe da tsinkewa, ba ka sani ba ne sai da 'yarka ta ɗauke cajar."

Kombo ya sauke ajiyar zuciya, ya juya. "Yaya, kin ji."

"Na ji." Saumu ta ci gaba da fifita. "Na ji dama, na ji hagu. To muryoyin da ta riga ta haɗiye, ina suka tafi?"

"Ba inda suka tafi, Saumu."

"Kin ga ni ma abin da nake faɗa ke nan, suna ciki. Ki liƙe jijiyarki, ba ruwana. Abin da ya ɗanɗana murya sau ɗaya ba ni ba shi 'yata."

Kombo ya fita ya jingina da motar, yana goge madubin da ba datti a jikinsa. Bi Halo ta dube shi, ta dubi jijiyar. Ta saba da cewa in ta gano cuta, magana ta ƙare. Yau ta gano, ba abin da ya ƙare. Ta ɗauki ƙarfen liƙi ta kai ta cusa a garwashin mai gahawa, don an ɗauke wuta tun safe, ta tsaya jiran ya yi zafi.

Ba wanda ya kashe waƙar. Ta ƙare, wata ta shigo, tsohuwar waƙar rakiyar amarya, irin wadda kowace mace a garin ta sani. Goge ya yi shimfiɗa, 'yan amshi suka buɗe hanya, aka zo gurbin mawaƙiya ba kowa. Sai Bi Halo ta ji wani gunji a hankali daga cikin mota. Ta waiga. Saumu ce, idonta a kan titi, mafici yana tafiya daidai da kiɗa, tana cike gurbin ta hanci ba ta ma san tana yi ba.

Sai a lokacin Bi Halo ta tuna. Kafin lasifika ta mamaye bukukuwa, ba amaryar da ake fitarwa a Ngamiani Saumu ba ta yi mata waƙa ba. Daga wannan layi ake jiyo muryarta har wancan. Da aka fara zuwa da kaset, daga baya waya, sai aka daina aiko mata, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Bi Halo ta lissafa a ranta, ta ga kaset nawa ita da kanta ta sayar wa masu biki a shekarun nan, ta ɗan ji wani iri.

Ƙarfe ya yi zafi. Mai gahawa ya nuna mata. Ta girgiza masa kai, ta lallaɓa ta zura hannu ta taga ta ƙara sautin rediyo kaɗan.

Baiti na biyu Saumu ta buɗe baki. Muryar ta tsufa, ta yi kauri, amma ta san inda za ta taka. Keken tela ya tsaya. Wata mai tallar mandazi, irin fanken garin, ta sauke farantinta ta kama amshi, mata biyu da ke jiran ɗinki suka taya ta. Kombo ya daina goge madubi. Da aka zo baitin ƙarshe Saumu ta sauya kalmomin ta sa sunan Mboni da na marigayiya uwarta, wani ya rangaɗa guɗa daga tsallaken titi.

Kiɗa ya tsaya. Saumu ta ga idanu a kanta, ta gyara mayafi ta haɗe rai.

"Me kuke kallo?"

Bi Halo ta jingina da taga. "Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai, ƙawata. Kina cikin motar nan tun ɗazu. Me ya sa ba ta haɗiye taki ba?"

"Ta isa?" Saumu ta harari rediyon. "Ta gwada mana. Waɗancan na cikin waya ta raina, da ba su da jini a jika."

"To ai shi ke nan. In da mai irin muryarki a ciki..."

"Kada ki koya mini dabara, Mwantumu, na girme ki da wata biyu." Ta ci gaba da fifita. Can ta ɗaga murya. "Kombo! Zo nan. Ranar Asabar ni ce a gaba. Mboni a baya, a tsakiyar ƙawayenta. Daga ƙofar gida har ƙofar gidan miji bakina ba zai rufu ba, in ga ta inda wata 'yar Japan za ta sami sararin taɓa mini yarinya."

"To, Yaya." Ya matso bakin taga. "Na gode, Yaya."

"Kuma kada ka kuskura ka sa waccan cajar. Ke kuma ki bar jijiyar nan yadda kika same ta."

Nan ne fa Bi Halo ta ƙi. Barin tsinkakkiyar jijiya a motar mutum, ta ce, ko a lahira aka tambaye ta ba ta da amsa. Suka yi ta ja, har suka daidaita. Ta kankare tsatsar, ta liƙe jijiyar da dalma, rami ya dawo garau, sauro ma ya yi sauƙi. Sannan ta ɗauko ɗaya daga igiyoyin 'yan bakin tasha, ta fede ta a tsakiya, ta nemo jijiya ta uku ta datse da gangan, ta naɗe, ta roƙi jan zare wajen tela ta ɗaura mata alama. Tun da take ba ta taɓa lalata igiya da hannunta ba, sai da ta yi bisimilla kafin ta sa almakashi. Aka gwada: baƙar igiya, mawaƙiya ta fito. Mai jan zare, ta ba da wuri ga Saumu.

Ranar Asabar bayan la'asar, Bi Halo tana rumfa da sabon kanga, ta ƙi zuwa gidan biki da wuri don tana so ta ji yadda abin zai fito a titi. Tun motoci ba su shawo kwana ba ta jiyo Saumu. Farar motar ce a gaba, furanni har kan madubi, tagogi a buɗe, goge yana fita ta lasifika, murya tana fita ta taga. Saumu ta ƙara wani baiti nata, tana cewa direba ya bi a hankali, yau ba 'yar mutane ya ɗauko ba. Kombo yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, sanye da farar doguwar rigar kanzu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, idonsa jawur.

Daidai rumfar ya taka birki. Saumu ta katse waƙa ta juya baya.

"Mboni, yi magana a ji. Gaida Bi Halo."

Amarya tana lulluɓe, ba a ganin komai sai hannayenta da lalle. Bi Halo ta matso da kunne kusa da taga, yadda ta saba yi wa yarinyar tun tana ƙarama.

Ba ta buƙaci matsowar ba. Muryar ta fito sarai, har mai gahawa ya ji.

"Ina wuni, Bi Halo. Baba, cajarka tana ƙarƙashin matashina, ka ɗauka kafin Gwaggo ta jefar."

Mota ta kaure da dariya da guɗa. Saumu ta ce, "Kun ji bakin gidanmu," ta koma kan baitinta daga inda ta tsaya. Kombo ya share ido da bayan hannu, ya sa giya, ya ja a hankali.